Allurar mashaƙo a makarantar su Hanifa: yadda aka kwashe a zauren zumunci

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya Hanifa ta dawo makaranta riƙe da damtse tana kuka, wai wasu mata sun zo da akwatin sanyi, an jera su aji-aji an yi masu allura. Ba takarda, ba waya, ba wanda ya ce mani uffan. Da dare jiki ya ɗauki zafi rau, wurin ya kumbura ya yi tauri, ko hijabi ba ta iya ɗaga hannu ta sa. Na je wurin hedimasta da safe, wai umarni ne daga sama saboda annobar mashaƙo. In kuɗin makaranta ya makara, waya ba ta barina in sha ruwa, amma za a tsira wa ɗiyata allura an rasa lambata. Ni ba zan yarda a mai da ɗiyana abin gwaji ba, ko wane ne ya ba da umarnin.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Nura, a ba ta farasitamol na yara, a ɗora tsumma mai sanyi a wurin, kada a murza. Kwana biyu zuwa uku yake sauka. In zazzaɓin ya ƙi sauka ko ka ga wani abu daban, ka kawo ta. Amma don Allah ka janye kalmar gwaji. Rigakafin mashaƙo ya girme ni, ya girme ka. Yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14, kuma irin wadda aka yi wa Hanifa ita ake yi wa Maman Hanifa a wurin awo duk lokacin da take da ciki. Gwajin mi za a yi da abin da muke yi kullum?

Kawu Lawal: Rabi, bar yaro ya faɗi abin da ke ransa. Gwaji ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1996 da aka yi annobar sanƙarau, kamfanin magani na Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada maganin Trovan a kan yara. Yara 200 aka sa a ciki, 11 suka mutu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan ba a shayi na ji shi ba. Su ma a lokacin annoba aka same su, iyaye hankali a tashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abdul: Kawu, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa ya faru, kuma zalunci ne. Sai dai Trovan ba rigakafi ba ne. Sabon magani ne da aka ba yaran da suka riga suka kamu, ba a gama tantance shi a kan yara ba. Wannan shi ne gwaji. Wadda aka yi wa Hanifa tun kafin a haifi Kawu ake amfani da irinta a duniya.

Kawu Lawal: To ba su ne dai suka yi ta korona ba?

Abdul: Sun yi guda daga ciki. Amma ta mashaƙo da ake kawo mana galibi daga Indiya da Indonesiya take.

Sani Mai Waya: Indiya ɗin ma ai masu neman kuɗi ne. Ni tambayata guda: mi ya sa allura ce kawai kyauta har ƙofar gida? Yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ka je asibiti a rubuta maka takarda ka fita kemis ka saya. Ƙarin ruwa ka saya, safar hannu ka saya. Amma abin da ba ka nema ba ana bin ka da shi har islamiyya. Dole mutum ya yi tunani.

Malam Bashir: Wannan tunanin shi ya kai mu ya baro. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan-inna saboda jita-jitar wai yana hana haihuwa. Sai Yulin 2004 aka dawo da shi, bayan an kawo na Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta fantsama daga Arewa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Ku je bakin kowane masallacin Juma'a a garin nan ku ga samari a kan keken guragu, ku tambayi shekarunsu. Sai Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, mu ne na ƙarshe. Kuma waɗanda aka ɗiga wa a lokacin ga su nan suna ta haihuwa. Jahilci ne kawai ya ja mana.

Kawu Lawal: Bashir, wa kake kira jahili? Waɗanda suka ja gaba a 2003 har da likitoci da malamai. Ni da na goya ka a wuya zuwa kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro, yau ni ne jahili?

Malam Bashir: Kawu, ban ce kai ba. Abin da aka yi na ce.

Kawu Lawal: Ni na hana a ɗiga wa nawa a wancan lokacin, kowa ya sani. To in abin da aka yi jahilci ne, wanda ya yi shi mene ne?

Zainab: Yaya Bashir, ka ba Kawu haƙuri kawai. Kullum in ka buɗe baki sai ka nuna wa mutane kai ka yi boko.

Malam Bashir: Zainab, ba da ke nake ba.

Baban Hanifa: Ni fa ban ce kada a yi rigakafi ba. Katin Hanifa yana nan cike. Cewa na yi a tambaye ni.

Abdul: Bari in faɗi abu guda, don ana cakuɗa korona da mashaƙo, alhali ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Lokacin korona, tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kashewa, yara galibi mura-mura suke yi su warke. Ga shi an gano allurar Pfizer da Moderna kan jawo kumburin tsokar zuciya ga wasu 'yan ƙalilan, musamman samari, duk da yawancinsu sun warke. Shi ya sa ƙasashe suka rabu. Amurka ta amince a yi wa 'yan shekara 5 zuwa 11 a ƙarshen 2021. A Ingila kwamitin masana ya ce a Satumbar 2021 amfanin ga lafiyayyun 'yan 12 zuwa 15 bai kai a ce a yi wa kowa ba, sai manyan likitocin gwamnati suka duba yawan rufe makarantu suka ce a yi. Siwidin ta ce a farkon 2022 ba ta ga dalilin yi wa lafiyayyun ƙananan yara ba. Mu nan da alluran suka iso a Maris 2021, 'yan 18 zuwa sama aka kira. Wannan wuri ne da mai hankali zai iya cewa e, wani mai hankalin ya ce a'a. Mashaƙo kuwa yara take nema, kuma cikin 100 da suka kamu tana iya kashe 5 zuwa 10, a ƙanana ma fiye da haka. Ka ɗora wannan a gefe guda, ka ɗora kumburin damtse na kwana uku a ɗaya gefen.

Sani Mai Waya: Alhamdu lillahi, ɗan boko ya faɗa da bakinsa. Turawa ma sun ƙi yi wa 'ya'yansu! Kumburin zuciya! Ku kun taɓa jin an faɗa mana wannan a rediyo?

Abdul: Yaya Sani, rabin maganata ka ɗauka.

Sani Mai Waya: Rabin da ake ɓoyewa na ɗauka. Kuma ba a Disambar 2021 aka kwashe allurar korona fiye da miliyan guda aka murƙushe a bola a Abuja ba, saboda an kawo mana ita tana dab da lalacewa? Abin da suka rage suke turo mana. Anti Rabi dole ta kare, ai akwai alawus.

Anti Rabi: Sani, alawus ka ce? Allah ya isa ban ce ba, don kai ƙanena ne. Ka san nawa ne alawus ɗin, ka san wata nawa yake yi bai fito ba? Da ƙafa muke bin lungu-lungu cikin rana da akwati a kafaɗa, a rufe mana ƙofa, a zage mu ta kan katanga. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, kusan duk mata. Abokan aikinmu na wajen Batsari da Jibiya da Safana akwai ƙauyukan da ba su isa su shiga ba saboda 'yan bindiga, kuma a irin wuraren nan ake tara yaran da ko allura guda ba su taɓa samu ba. Ni na ga mashaƙo da idona. An kawo mana yaro ɗan shekara 6, wuya ya kumbura ya haɗe da haɓa, yana jan numfashi da ƙara tun daga ƙofa ana ji. Da na haska maƙogwaronsa, wani abu ne toka-toka ya manne ya kusa rufe hanyar iska. Uwar ta ce sun ɗauka beli ne, sun kai shi wurin wanzami an yanka. Maganin dafin cutar ba kowane asibiti ke da shi ba, sai an tura. Dafin nan zuciya yake kamawa, yaro ya yi kamar ya samu sauƙi, bayan sati biyu ya faɗi. Yaron bai kai ba. Ƙanwarsa ma aka kawo ta. Ka je ka faɗa wa uwarsu alawus.

Zainab: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Sani, wallahi ba ka kyauta ba.

Sani Mai Waya: Ɗazu Bashir ya zagi Kawu, haƙuri kawai kika ce a bayar. Ni da na taɓa 'yar ɗakinku sai wallahi.

Zainab: Wace 'yar ɗaki? Ai dama kai komai sai ka raba shi gida biyu. Wata huɗu ba ka sa ko sisi a asusun zumunci ba, rasuwar Mashi ba a gan ka ba, amma nan kai ne kan gaba.

Sani Mai Waya: Asusun da ba a taɓa karanto mana lissafinsa ba? A fara kawo lissafin bikin bara tukuna.

Maman Sadik: Gwaggo Indo ta sa na karanta mata, ta ce in rubuta maku haka. Ta ce ku dubi damtsenta na hagu akwai tabon lamba, dagaci ne ya sa aka tara su aka yi masu saboda agana, ba wanda ya tambayi ubansu, kuma yau ba mai ganin agana. Ta ce ita ta binne 'ya'ya biyu a bazara guda saboda ƙyanda, da akwai allura kusa da ta kai su ko da rarrafe. Amma ta ce Nura ma yana da gaskiya, uba uba ne, a riƙa sallama kafin a shiga gidan mutum. Ta ce kuma Bashir ya kira Lawal ya ba shi haƙuri yau ɗin nan.

Baban Hanifa: Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Ita kaɗai ta ji abin da na ce. Anti Rabi, ke ma ki ba ni amsa, a aikinku ba a ce a sanar da iyaye ba?

Anti Rabi: Ana sanarwa ta hannun masu unguwanni da limamai da rediyo, makaranta kuma ita ya kamata ta aika wa iyaye. In ba su aika ba sun yi sakaci. Amma Sani ya janye maganar alawus tukuna.

Kawu Lawal: Ba wanda zai janye komai sai an janye jahilci.

Yaya Sada: To ya isa haka. Ni ke riƙe da zauren nan, bari in taƙaita. Abin da ya fito fili shi ne allurar mashaƙo ba gwaji ba ce, Rabi da Abdul sun kawo hujja, kuma ba wanda ya iya karya ta. Kumburi da ɗan zazzaɓi abu ne da aka sani, ba abin ɗaga hankalin dangi ba ne da sassafe. Nura, da Rabi ka kira kai tsaye da duk wannan bai taso ba. Maganar Trovan ta wuce shekaru, an sasanta, ba ta da alaƙa da Hanifa. Bashir gaskiya ya faɗa, harshe ne ya ɗan yi kaifi, kuma Kawu babba ne, shi ya fi cancanta ya yafe. Wanda ya yi laifi a yau Sani ne, don ya taɓa mutuncin yayarsa a aikin da take sadaukar da ranta, kuma zai ba ta haƙuri a nan inda ya faɗa. Duk mai yaro ya duba katinsa, wanda bai cika ba ya kai shi ranar rigakafi. Lissafin asusu yana hannuna, mai son gani ya biya bashinsa ya zo ya gani. Na rufe wannan magana.

Sani Mai Waya: Dama ai mun san inda za a yanke. Uwa ɗaya uba ɗaya.

*Kawu Lawal ya fita daga zauren.*

Maman Sadik: Yaya Sada, ka mai da Kawu kafin Gwaggo ta ji. Bashir, ka kira shi ko ba ka kira ba?