Troy: uba ne ko azzalumi?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, kullum sai in yi magana ku yi gum, to yau sai kun tanka. Na karanta wasan kwaikwayon Fences na August Wilson. Troy Maxson mai kwasar shara ne a birnin Pittsburgh na Amurka a 1957. Yana ɗan shekara 14 ya gudu daga hannun ubansa saboda duka, amma da ya haifi nasa, ya toshe wa ɗansa Cory hanyar shiga jami'a ta wasan ƙwallo. Maganata ita ce halin azzalumin uba gadonsa ake yi, daga kaka har jika.

Baban Khalifa: Azzalumi? Mutumin da duk Juma'a yake damƙa wa matarsa Rose albashinsa? Yaro, ka iya bakinka.

Ɗan Sabon Gari: Baba, ni gado nake magana.

Baban Khalifa: Janye azzalumi tukuna. Shi ma fa gwanin besbol ne a gasar baƙaƙen fata. Kafin Jackie Robinson ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga babbar gasar besbol a 1947, shekaru sun riga sun ci masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoro yake ji wa yaron.

Maman Ummi: Tsoro ko hassada? Kuma wa ya yi wa farkarsa Alberta ciki, ya kawo wa Rose jaririya ta raina? Gidan da yake taƙama da shi ma da kuɗin diyyar ɗan'uwansa Gabriel aka saya, wanda ya ji rauni a ka a yaƙin duniya na biyu. In wannan ba zalunci ba ne, mene ne?

Baban Khalifa: Hajiya, wannan tsakaninsa da iyalinsa ne.

Maman Ummi: Ai dama. Ku maza bakinku ɗaya.

Na Denzel: Ni dai duk wanda ya zagi Troy ya zagi Denzel Washington, wanda ya fito a Troy a fim. Ku kalli fim ɗin 2016.

Malam Ɗan Dandamali: Fim kuma! James Earl Jones ne ya fito a Troy a Broadway, dandamalin wasan kwaikwayo na New York, a 1987, shekarar da wasan ya ci lambar yabo ta Pulitzer. Wanda bai san dandamali ba ya kama bakinsa.

Na Denzel: Malam, kai kana Broadway ɗin a 1987? Denzel ma ai ya hau dandamalin a 2010 da Viola Davis.

Malam Ɗan Dandamali: Rashin kunya ce wannan.

Ɗan Sabon Gari: Don Allah mu koma kan gadon...

Baban Khalifa: A matsayina na babba a nan, bari in taƙaita. An amince Troy uba ne mai ɗaukar nauyin gidansa, Cory ma ai ya dawo gida ranar jana'izar Troy. Hajiya ta kawo batun Alberta, wannan daban ne. Kalmar azzalumi ta faɗi.

Maman Ummi: Wa ya amince? Cory cewa ya yi ba zai je jana'izar ba, sai da uwarsa ta yi masa faɗa.