Gwajin sitaci a ganye ya ƙi fitowa: ina matsalar take?

Malamar bayoloji, Gwale:
Assalamu alaikum malamai. Jarrabawar aiki da hannu ta WAEC da NECO ta matso, kuma gwajin da ya fi ba ɗalibai ciwon kai shi ne na nuna cewa ganye yana haɗa sitaci da hasken rana. A ɗiga aidin, maimakon ganyen ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, sai ya tsaya a ruwan ƙasa. Kowa ya kawo abin da ya lura da shi.

Mai kula da ɗakin gwaji, Fagge:
Wa alaikumus salam Malama. Da farko a duba lokacin da aka tsinko ganyen. Wanda aka tsinka da sassafe kusan fanko ne, domin da dare shuka tana narkar da sitacin ya koma sukari, ta tura shi saiwa da kara. A bar shi ya sha rana awa 4 zuwa 6, a tsinko bayan azahar.

Ga yadda aikin yake. A tsoma ganyen a tafasasshen ruwa kamar minti 1, don ƙwayoyin halittarsa su mutu, tantaninsu ya buɗe. A sa shi a kwalbar gwaji mai etanol, wato sinadarin barasa da ke fitar da koren ganye, a kashe wuta, sannan a tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin. Etanol yana tafasa a digiri 78, don haka ruwan da ya sauka daga wuta ya ishe shi. Kada a kuskura a ɗora shi kai tsaye kan harshen wuta, nan take yake kamawa. Minti 5 zuwa 10 koren zai fita, etanol ɗin ya koma kore shar, ganyen ya yi fari. A lokacin ya yi ƙamas, taɓa shi kaɗan zai karye, sai a mayar da shi ruwan ɗumi ya yi laushi, a shimfiɗa a farin faranti, a ɗiga aidin.

Malamin aji biyu na babbar sakandare, Tarauni:
Ƙari a kan na Malam: irin ganyen ma yana da hannu a ciki. Na mangwaro da na darbejiya su ne a kusa a kowace makaranta, amma suna da kauri da santsi, koren ba ya saurin fita, kuma idan bai fita ba zai rufe launin aidin. Ganyen wake ko na rama ya fi, siriri ne. Ganyen albasa kuwa kada ma a soma. Albasa ba ta tara abincinta a matsayin sitaci, ko an yi komai daidai ba abin da zai fito.

Idan so ake a nuna cewa haske ne dalili, a ajiye tukunyar shukar a duhu awa 48 tukuna. A gwada ganye ɗaya a tabbatar sitacin ya ƙare, sannan a manna baƙar takarda a tsakiyar wani ganyen, sama da ƙasa, a fitar rana. Mutane suna rufe sama kawai, haske ya shiga ta ƙasa, sakamakon ya dagule.

Mai kula da ɗakin gwaji, Fagge:
Na manta da aidin ɗin kansa. Haske da zafi suna kashe shi, kuma kun san zafin Kano a watan Afrilu, ya kan haura digiri 40. A ajiye shi a kwalba mai duhu, murfi a ɗaure. Kafin ɗalibai su shigo a ɗiga a kan kamun koko ko yankan rogo. Idan bai yi baƙi nan take ba, a zubar.

Malamar bayoloji, Gwale:
Allah ya saka da alheri. Tunda an taɓo albasa, ita ce ke fitar da mu kunya a gwajin sukari. A haɗa ruwanta da ruwan Benedict, wato shuɗin sinadarin gwajin sukari, a dumama cikin ruwan zafi, launin yana tashi daga shuɗi zuwa kore, rawaya, ruwan goro, har jan bulo. Zuma ma haka. Sukarin shayi kuwa shuɗin zai tsaya cak, sai an tafasa shi da asid da aka sirka da ruwa, an kashe asid ɗin da kanwar bikabonet har kumfa ta daina tashi, sannan a zuba Benedict. Wanda ya tsallake matakin kashe asid ba zai ga ja ba.

Tsohon malamin kimiyya, Dala:
'Ya'yana, ku haɗa da gwajin osmosis, wato ratsawar ruwa ta tantanin ƙwayar halitta zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa, shi ma yana ƙi. Dankalin turawa sabo ake nema, mai tauri. Wanda ya kwana biyu a rana a kasuwar Yankaba ya riga ya yi yaushi. A yanka sanduna daidai wa daida, santimita 5 kowanne, daga dankali ɗaya, a fere ɓawon. Ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri, giram 10 cikin mililita 100. Bayan awa 1 na ruwa zalla ya ƙara tsawo ya yi tauri, na gishiri ya ragu ya yi lagwab. Da hunturu a rufe kofunan, kuma kada a bar yankakken dankali a iska yana jiran layi, zai bushe kafin a auna. A tsane shi da takarda kafin a ɗora a sikeli.

Ni dai ban yarda a auna tsawo kaɗai ba. Bambancin bai wuce milimita kaɗan ba, ɗalibi da rula mai goggen baki ba zai kama shi ba. Nauyi ya fi gaskiya.

Malamin aji biyu na babbar sakandare, Tarauni:
Gaskiya ne Baba, sai dai ba kowace makaranta ke da sikeli mai auna ƙasa da giram ɗaya ba. Inda babu, a yi ƙoƙon dankali: a rarake tsakiya, a fere gindin, a zuba sukari cokali ɗaya a ramin, a zaunar a faranti mai ruwa. Ruwa zai taru a ramin. A ajiye dafaffen dankali kusa da shi, an yi masa haka shi ma. Nasa ramin ba zai tara komai ba, saboda dahuwa ta lalata tantanin.