Me ya sa wasu ke fushi idan jarumin gem ya sauya hali?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ta shafi wasannin bidiyo masu ɗauke da labari, ba ƙwallo da tseren mota da aka fi bugawa a gidajen gem na nan Sakkwato ba. Duk wanda ya buga God of War na farko, wanda ya fito a 2005 a kan PlayStation 2, ya san Kratos mutum ne da fushi ya cinye: an yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, tokarsu ta manne a fatarsa, daga nan bai ƙara sanin komai ba sai ramuwa. A 2018 kamfanin Santa Monica Studio ya dawo da shi ya manyanta, ya tara gemu, yana tafe da ɗansa Atreus domin cika wasiyyar mahaifiyar yaron, kuma yana ta kokawa da zuciyarsa don kada ɗan ya gaji halinsa.

Abokaina sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce an mayar da zaki tunkiya, wasu kuma sun ce sai yanzu Kratos ya zama mutum. Amma a duniya yabo ya rinjayi suka, har wasan ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a The Game Awards. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan shekara biyu The Last of Us Part II ya zo da irin wannan saƙo na barin ramuwa, shi ma ya ci wannan kyauta, amma ɗimbin masoyansa suka yi masa ca. Mene ne ke sa a karɓi sauyin halin wani jarumi, a ƙi na wani?

Malami daga Arkilla ya amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. A ganina amsar tana hannun mai riƙe da pad. Mai kallon fim ɗan kallo ne kawai, amma mai buga gem shi ne ke danna maɓallin da aka yi ɓarnar da shi, saboda haka idan lokacin nadama ya zo, da shi ake yin ta.

Ban ga inda aka yi wannan da gwaninta kamar Red Dead Redemption 2 na kamfanin Rockstar ba, wanda shi ma ya fito a 2018. Labarin yana faruwa a Amurka ta 1899, kuma jarumin da kake bugawa, Arthur Morgan, ɗan fashi ne da ke karɓo wa ƙungiyarsu bashi da ƙarfin tsiya. Tun da wuri ana aika ka wurin wani matalauci mai suna Thomas Downes, ka lakaɗa masa duka a gaban iyalinsa, shi kuwa yana tari har ya fesa wa Arthur jini a fuska. Ka wuce abinka, ka manta. Sai bayan awoyi masu yawa Arthur ya faɗi a titin Saint Denis, likita ya shaida masa cewa tarin fuka ne, a zamanin da ba a sami maganinsa ba. Daga nan wasan da kansa yake sauyawa a hannunka, domin Arthur yana ramewa, idanunsa suna ja, abinci ba ya ƙara masa ƙarfi kamar da.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne haɗuwarsa da matar Downes a garin Annesburg, bayan mijin ya rasu, talauci ya jefa ta cikin halin ƙasƙanci. Arthur yana ba ta kuɗi ita da ɗanta, amma marubutan ba su sa ta rungume shi tana godiya ba, kuma shi ma bai nemi ta ce ta yafe ba. Mu da muka tashi muna jin malamai suna karanta sharuɗɗan tuba, cewa haƙƙin mutum sai an mayar masa ko ya yafe da kansa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. Masoya sun yarda da sauyin Arthur ne domin ya zo a makare, ya zo da tsada, kuma bai goge abin da ya gabata ba.

Mai gidan gem a Runjin Sambo ya amsa:

Malam ya yi magana, amma bari in ƙara abin da nake gani daga inda nake zaune. Yawancin masu zuwa wurina kuɗin wasa ɗaya ko biyu suke biya, alhali labarin God of War na 2018 yana cin kusan awa 20 kafin a kai ƙarshe. Ga zafin garinmu, ga wuta da ba ta da tabbas, ga man janareta. Yaro ba zai biya kuɗi ya zauna yana sauraron uba da ɗa suna hira da Turanci a cikin kwalekwale ba, faɗa yake so a kai shi. To da yawan masu cewa an lalata Kratos ba su ji labarin ba ne, gutsattsarinsa suka gani.

Akwai wurin da Atreus ya kwanta rashin lafiya, dole Kratos ya koma gida ya ciro tsofaffin wuƙaƙensa masu sarƙa daga ƙarƙashin daɓe, waɗanda ya ɓoye don kada ya sake ganinsu. A labarin, wannan lokacin kunya ne da baƙin ciki, mutum yana komawa ga abin da ya guje wa saboda ɗansa. A shagona kuwa ihu ake yi ana tafi, ana cewa maigida ya dawo. Haka kuma can farkon wasan, inda Kratos ya ɗaga hannu zai dafa bayan yaron sai ya fasa ya janye, ban taɓa ganin wani matashi ya kula da shi ba. Wanda ya tsaya a kansa wani magidanci ne da ya rako ɗansa, ya ce shi ma haka mahaifinsa yake, bai taɓa yabonsa a gaban idonsa ba.

Ɗaliba daga jami'ar Ɗanfodiyo ta amsa:

Yayyena, ina so in koma kan The Last of Us Part II, domin ina ganin ba a yi wa masu fushin adalci idan aka ce duk rashin fahimta ce. Mutane sun shaƙu da Joel, jarumin labarin, tun wasan farko na 2013. A na biyu wata mai suna Abby ta kashe shi tun farkon labari, aka ba ka Ellie, yarinyar da ya riƙa kamar 'yarsa, ka bi sawun jininsa har birnin Seattle, sannan a tsakiyar tafiya aka ƙwace ta daga hannunka aka ce ka buga kusan rabin wasan a matsayin Abby. A nan ne za ka zauna da dalilinta, cewa mahaifinta ne likitan da Joel ya kashe a ƙarshen wasan farko. Daga ƙarshe Ellie ta sami damar nutsar da ita a ruwa, sai ta sake ta, ta koma gida ba yatsu biyu, ta kasa kaɗa jitar da Joel ya koya mata yadda ya kamata.

A tarbiyyarmu afuwa haƙƙin wanda aka zalunta ce, kuma darajarta tana cikin cewa yana da ikon ƙin yi. Wanda ya zauna da mutanen Isa ko Sabon Birni da suka rasa 'yan'uwa a hannun 'yan bindiga ya san yadda maganar sulhu ke ɗaci idan daga sama aka yanke ta ba a tambayi mai ciwon ba. Wasan ya sa ɗan wasa ya ji shi ne mai haƙƙin jini, sannan ya yafe a madadinsa. Wannan fushin ina fahimtarsa. Wanda ba na fahimta shi ne na waɗanda suka aika wa Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, barazanar kisa, wato suka gama wasan da ke nuna sharrin ramuwa suka tafi neman ramuwa a kan 'yar wasan kwaikwayo.

Akwai kuma wani nau'in warkewa da ba mu taɓo ba. Kamfanin Ninja Theory, lokacin da yake shirya Hellblade: Senua's Sacrifice na 2017, ya yi aiki da Farfesa Paul Fletcher na jami'ar Kambirij da kuma mutanen da suka yi fama da larurar jin muryoyi, kuma idan ka sa abin ji a kunne muryoyin suna kewaye ka ta hagu da dama. Jarumar wasan, Senua, ba ta gama labarin muryoyin sun tafi ba, ta dai daina yaƙi da kanta. A garin da har yanzu ake tsokanar mutum da cewa a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kware, ina ganin labarin da ya nuna mai wannan larura a matsayin jaruma ya fi mana amfani fiye da yadda muke zato.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Sai dai 'yar'uwa, hujjarki ta zaɓi ba ta gamsar da ni duka ba, domin a God of War ma ba a tambayi kowa ko yana so Kratos ya huce ba, kuma ba a yi bore ba.

Malami daga Arkilla ya sake amsawa:

Bambancin, ƙanena, shi ne Kratos ya riga ya gama ramuwarsa a God of War III na 2010, ya kashe Zeus, ƙasar Girka ta ruguje a kansa, kuma ɗan wasa ya sha wannan ramuwa har ya ƙoshi ya ga ba ta dawo da kowa ba. An ba shi shekara 8 kafin a nuna masa Kratos mai haƙuri. Ellie kuwa an hana ta a daidai lokacin da hannunta ke wuyan Abby, shi ya sa 'yar'uwarmu take da gaskiya a rabin maganar.

Idan kana da God of War Ragnarök na 2022, ka sauke ƙarin da ake kira Valhalla, wanda aka saki kyauta a Disamba 2023. Gumakan da ke ciki tatsuniyar mutanen da ce, a haka muke ɗaukarsu. A ƙarshensa Kratos yana tsayawa gaban kansa na ƙuruciya zaune a kan karaga, ya lissafa masa ɓarnarsa ba tare da ya rage komai ba, sannan ya yarda cewa wannan ma shi ne. Ka sa abokanka masu maganar tunkiya su buga shi da rubutun ƙasan allo a kunne, domin yawancin abin da ke cikinsa magana ce tsakanin faɗa da faɗa.