Me Salieri ya koya wa Beethoven da Schubert?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Masana kiɗan Turai, a taimaka. An ce Antonio Salieri ya koyar da Beethoven da Schubert, har da Liszt. To Beethoven da ya riga ya yi suna, me ya rage masa ya koya? Kuma da wane aikin Salieri ya kamata a fara saurare?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ba fiyano Beethoven ya je koya ba, ɗan'uwa. Ɗora waƙa a kan harshen Italiyanci ya je nema, wajen shekarar 1800 zuwa 1802. Salieri ɗan Legnago ne a Italiya, an haife shi a 1750, ya isa Viyana a 1766, ya kuma shugabanci makaɗan fadar sarki a can daga 1788 zuwa 1824, don haka ya san muryar mawaƙi ciki da bai. Ɗalibi zai ɗauki baitocin Metastasio, marubucin waƙoƙi ɗan Italiya, ya yi musu kari na murya biyu ko uku ko huɗu ba tare da kayan kiɗa ba, malam ya bi ya gyara. Ga inda ake tuntuɓe. Yawancin kalmomin Italiyanci nauyinsu kan gaɓa ta biyun ƙarshe yake, kamar "mo" a cikin amore. In nauyin kiɗa ya faɗa kan "re", kalma ta karye. Sai haɗuwar wasula: in kalma ta ƙare da wasali, ta gaba ta fara da wasali, gaɓa ɗaya ake ƙirgawa. Wanda ya raba su ya mayar da ɗango mai gaɓa 7 ya koma 8, ma'auni ya lalace. Numfashi kuwa ba a yanka shi a tsakiyar kalma.

Hajiya Binta: Malam ya yi bayani. Shi Schubert daga tushe aka faro, ran 18 ga Yuni 1812, yana ɗan shekara 15: amo ɗaya a kan amo ɗaya, kuma ba a yarda muryoyi biyu su jera tare da tazarar matakan amo biyar ko takwas a tsakaninsu ba, domin kunne zai ji su kamar murya guda. Maganar saurare, a fara da sauye-sauye 26 da Salieri ya yi wa wani tsohon kari mai suna La Folia a 1815. Karin yana nan daram, kayan kiɗan ne ke canjawa, nan kunne zai koyi bambance su. Daga nan sai wasansa na kwaikwayo cikin waƙa, Les Danaïdes na 1784, wanda aka fara tallatawa a Faris da sunan Gluck, wani mashahurin mai tsara kiɗa na lokacin.

Ɗan Birni: Na gode. Batun da ake cewa Salieri ya sa wa Mozart guba fa?

Malam Sani: Ji-ta-ji-ta ce, babu hujja ko ɗaya. Ɗan Mozart na cikinsa, Franz Xaver, a hannun Salieri ya yi karatu.