Murjanina ya fara yin fari a tankin ruwan gishiri, ina matsalar take?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da na kafa tankin gilashi mai cin lita 200 a falona a Kano. Na haɗa ruwan da gishirin teku na musamman da ake sayarwa don wannan kiwo, na jira mako shida kafin na saka kifi biyu masu launin lemo da farar ɗamara, daga baya kuma na ƙara murjani mai taushi guda uku da mai ƙashi guda ɗaya. Komai lafiya lau har shigowar Afrilu, lokacin da mai ƙashin ya fara koɗewa daga sama, kifayen kuma suka koma kusa da saman ruwa suna haki. Ruwan yana raguwa da kusan lita biyu kullum, ni kuwa ina cike gurbin da sabon ruwan gishiri. Don Allah masana ku taimaka.

Mai Kifi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren yana cikin jimlarka ta ƙarshe. Idan ruwa ya tashi ya bi iska, gishirin ba ya binsa, a cikin tankin yake zama. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wato tankinka ya fara da kilo 7. Duk ranar da ka zuba lita biyu na ruwan gishiri ka ƙara giram 70, kuma cikin wata guda abin ya haura kilo biyu ba tare da ka cire komai ba. Ruwan da ake cike gurbi da shi tsuransa ne, wanda aka tace da na'urar RO mai cire gishiri da datti daga ruwa, ba na famfo mai kulorin ba, ba kuma na burtsatse da ba ka san abin da ke cikinsa ba. Ka auna nauyin ruwan, wato awon da ke kwatanta shi da tsuran ruwa ya nuna yawan gishirin da ke cikinsa. Abin da ake so shi ne 1.025 zuwa 1.026. Idan ka ga ya haura, kada ka yi garajen saukar da shi a yini ɗaya, domin sauyin gaggawa ya fi yawan gishirin kansa illa. Ka riƙa ɗibar kaɗan kana mayar da tataccen ruwa har tsawon kwanaki.

Maman Khalil:
Na yarda da bayanin Mai Kifi, amma ni zafi na fi zargi, tunda a Afrilu abin ya soma. Murjanin nan, wanda ba irin jan da ake yi wa amare tsakiya da shi ba ne, dabba ce mai rai, kuma a cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ne suke ba shi launi, su kuma samar masa da mafi yawan abincinsa daga haske. Idan ruwa ya yi zafi sai ya kore su, fararen ƙasusuwansa su bayyana ta cikin naman. Abin da ya faru ke nan da babban shingen murjani na gaɓar Ostireliya a 2016 da 2017, alhali a teku ƙarin digiri ɗaya kacal bisa zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. Tankinka yana buƙatar digiri 24 zuwa 26, a garin da zafin rana yake kai 40. Hakin kifayen ma daga nan yake, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Ka ɗage murfin, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, kuma ka haɗa injin motsa ruwa da inbata, saboda ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi da tsakar rana tana iya kashe kifi. Fankar za ta ƙara saurin raguwar ruwan, don haka shawarar Mai Kifi ta ƙara zama wajibi.

Baban Ummi:
Allah ya saka muku da alheri. Na auna yau da la'asar: zafi digiri 30, nauyin ruwa 1.031. Shin murjanin ya mutu ke nan? Wani kuma ya ce in zuba maganin kifi mai sinadarin tagulla.

Mai Kifi:
Kul, Malam, tagulla guba ce ga murjani, kuma duwatsun tanki suna shanye ta su daɗe suna sakinta. Kifayenka ba cuta ce take damunsu ba, iska suke nema. Shi kuwa murjanin, ka duba shi da daddare da tocila: idan naman yana nan kuma ƙananan bakunansa suna buɗewa, yana da rai, zai iya maido da launinsa cikin makonni ko watanni. Ka sauko da shi ƙasa kaɗan daga fitila har ya farfaɗo. Idan kuwa gansakuka ta fara rufe reshen, wannan ɓangaren ya tafi, sai ka karye lafiyayyen ka manna shi a wani dutse.