Shawarwarin masu zuwa kallon namun daji a arewacin Alaska

Waɗanda suka taɓa shiga gandun namun daji na Arktik, a jihar Alaska ta Amurka, sun haɗu a kan cewa babu titi a cikinsa. Ƙaramin jirgin sama ne ke sauke mutum a gaɓar kogi irin Kongakut, ya koma. Don haka a yi guzurin da ya wuce kwanakin da aka tsara, tunda hazo kan hana jirgin dawowa.

Sun ɗan yi musu kan lokacin zuwa. Mafi yawa sun zaɓi Yuni, lokacin da garken barewar karibu ke wucewa, don sauron Yuli ba a magana, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Batun beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, babu wasa: abinci a rufe shi a mazubi mai ƙarfi, nesa da tanti. In kun yi kiciɓis, kada a gudu.