Shawara ga golan da ke son zama koci

Mun zauna da wasu tsofaffin 'yan ƙwallo a kan abin da ya kamata mai tsaron gida ya yi idan ya ajiye safar hannu yana son horar da ƙungiya. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce gola yana da jarin da bai san darajarsa ba. Shekara goma sha biyar yana tsaye a baya, filin duk a gabansa, yana ganin ɗan bayan da ya makara da ramin da ya buɗe a tsakiya, yana daka tsawa har murya ta dishe. Rabin aikin koci ke nan. An kawo misalin Dino Zoff, golan da ya ɗaga kofin duniya da Italiya a 1982 yana da shekara 40, sannan ya kai ƙasar wasan ƙarshe na kofin Turai a 2000 a matsayin koci.

Shawarar da ta fi shiga raina ita ce ta zaman benci. Nuno Espírito Santo, wanda shi ma gola ne, ya sha zama a bencin ƙungiyar Porto a zamanin koci Mourinho, daga baya da ya zama koci shi ya hau da ƙungiyar Wolves gasar Firimiya a 2018. Golan da ba a sa shi wasa, ya kasa kunne, ya riƙa rubuta abin da ya gani.

Wata shawarar kuma, gola ya nemi lasisin horarwa tun yana bugawa. Kuma in babban koci yake son zama, kada ya daɗe yana horar da gololi kaɗai, don da wuya shugabannin ƙungiya su sake kallonsa da wani ido.